Bakin Takwara

Tunda ka ce aiki zai kai ka waje da iyali, har ka fara auna unguwa da makarantar yara, zauna ka ji misalin wani likitan dabbobi. Mutum ne mai zargin tsiya, wanda ko rago aka ba shi kyauta sai ya buɗe masa baki ya ƙirga haƙora kafin ya ce an gode. Wata ƙungiya ta ɗauke shi aiki a wani babban birni na bakin teku, ya tafi da matarsa da 'yarsu mai shekara biyar, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa. Ranar sallama tsohuwar, da idonta ya riga ya dushe, ta shafa fuskar yarinyar ta ce masa, "Duk abin da za ka baro can ka baro, amma ka dawo mini da takwarata da bakinta." Har ga Allah ya ɗauki maganar da nauyi. Tun a jirgi ya yanke cewa in ɓarawon harshe zai zo, ta ƙofar makaranta zai shigo.

Dillali ya fara kai shi wata unguwa kusa da tashar jiragen ruwa, inda Hausawan Nijar da na Gana suka yi zango shekara da shekaru. Ga masallaci, ga mai kilishi, ga mata suna ta yi wa matarsa lale marhabin tun ba ta sauke jaka ba. Shi kuwa fara'ar nan ce ta tayar masa da hankali. Ya ce a ransa ruwa ba ya tsami banza: yau maraba, gobe a san abin da ke cikin tukunyarka, jibi labarinka ya riga ka zuwa gida. Da ya ga dillalin yana gaisawa da kowa, sai ya tabbata bakinsu ɗaya. Ya haye tudu ya kama gida a unguwar baƙi mai ƙofar ƙarfe da maigadi, inda maƙwabci ke gaishe ka da gira. Matarsa ta kwana uku tana kumbure-kumbure, bai ko kalle ta ba.

Makarantar kuwa ta 'ya'yan baƙi ce, yara daga ƙasashe barkatai, kuma ya yi mata binciken da bai taɓa yi wa saniyar sayarwa ba. Ya shiga kicin ya buɗe tukwane, ya tambayi wanda ya yanka naman, ya bi littattafai shafi-shafi, ya leƙa har banɗaki. Bai sami abin kamawa ba, wannan ya ƙara ba shi tsoro. Da aka miƙo masa takardar shiga, sai ya ci karo da wani layi: wane harshe ake yi a gida? Ya yi murmushin wanda ya gano tarko. Wato ka rubuta Hausa, su ce yarinya ba ta kai ba, su mayar da ita ajin baya, ko su ce babu gurbi. Ya zare biro ya rubuta Turanci da manyan haruffa. To, ita ƙarya sai da gadi. Don kada malama ta tambayi yarinya asiri ya tonu, ya kafa doka a gida: ba Hausa a gaban yarinyar sai ta zauna da gindinta a aji. Uwar ta ce wannan ba dabara ba ce. Ya ce na wata uku ne, kuma Hausa a jini take, ina za ta? Wata uku ya zama shekara uku. Yarinya ta saba, iyaye sun saba, a kan tudun nan kuma babu mai ce mata ko sannu.

Duk Juma'a in an kira tsohuwa a waya, shi ke raɗa wa yarinyar amsa, ita kuma ta maimaita kamar aku. Wata Juma'a tsohuwa ta bar gaisuwar da aka saba, ta ce, "Takwara, wa ya yi miki kitso?" Yarinya ta zuba wa uban ido. Kafin ya buɗe baki tsohuwa ta ce, "Bar shi, ɗan nan. Makauniya ce ni, ba kurma ba. Tun bara nake jin raɗarka." Kunya ta kama shi, baƙin ciki ya cika shi, ya kuma san inda zai sauke su.

Ranar Litinin ya dira makaranta yana huci, ya ce sun cinye wa 'yarsa harshe. Shugabar ta bari ya gama tas, sannan ta ɗauko fayil, ta miƙa masa takardar shigar da ya cika, ta nuna masa layin nan. Ta ce suna tambaya ne don duk harshen da iyaye suka rubuta, makaranta ta nemo wa yaro malamin da zai riƙa koya masa shi awa biyu a mako. Ta ja shi zuwa wani ɗaki a ƙarshen baranda. Ga wata mata 'yar Maraɗi zaune a tabarma, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi wa matarsa maraba a unguwar tasha, yara huɗu kewaye da ita suna amsa mata "ta zo mu ji ta." 'Yarsa, wadda ta biyo shi daga aji, ta ja masa hannun riga, ta tambaye shi da Turanci me suke cewa. Ya dubi takardar da ke hannunsa, rubutunsa ne, ko tawadar ba ta koɗe ba.

To kai ma ka je ka buɗe tukwanen makaranta, ban hana ka ba, amma ka riƙa duban abin da hannunka ke rubutawa. Hausawa sun gama magana da suka ce ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.