Murmushin Wurin Aiki

Ana saka mahaifinta a kabari, cikin gonar ayaba ta bayan gida, sai gwaggonta ta mintsine ta.

"Ke 'yar boko, rufe mana haƙoran nan! Ubanki ake binnewa, ba biki muka zo ba."

Ta shafa fuskarta, ta ji baki har kunne.

A shekararta ta ƙarshe a jami'a a Kampala aka gaya musu cewa yanzu na'ura ke tantance masu neman aiki, kuma fuska take dubawa. Ta yi wata shida gaban madubi tana koyon murmushi. Ta samu aikin amsa kiran masu ciniki ta bidiyo, inda ake sallamar duk wanda fara'arsa ta ragu. Shekara biyu ke nan fara'arta ba ta ragu ba.

Ta matse kumatunta da hannu biyu, suka ƙi saukowa. Mata suka fara ja da baya, suna janye 'ya'yansu.

Ta zube gaban mahaifiyarta, ta buɗe baki za ta kurma ihu.

"Barka da rana," in ji bakin, cikin murya mai daɗi. "Da me zan taimaka miki?"