Tagar Da Ba a Buɗe Ba

Jirgin ya yi latti, kuma tun kafin Dogo ya gama saukowa daga matakala wayarsa ta fara rawa a aljihu. Saƙon Oga ne: "Kana ina?"

"Ina hanya, ranka ya daɗe," ya rubuta, ya share gumi.

Kashedin da Oga ya yi masa a makon jiya yana nan daram a kunnensa: ka ƙara makara sau ɗaya, ka nemi wani aikin. Ga shi Oga bai ma san ya bar ƙasar ba. 'Yarsa ce ta haihu a can waje, jikan fari, sai Dogo ya saci jiki ranar hutunsa ya je ya ɗauki jariri, da lissafin zai dawo da sassafe ya zarce wurin aiki, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. To, lissafi ya ƙi.

Zauren duba fasfo cike yake maƙil, ba masaka tsinke. Dogo ya ja hularsa har gira, ya ɗaura takunkumi, ya rungume jakarsa, ya bi layin ƙarshe can jikin bango. Makullan da ke aljihunsa sai sukar cinyarsa suke yi. Sauran layuka suna ɗan jan jiki. Nasu kuwa ko gezau, domin tagarsu a kulle take, fitila a kashe, kujera ba kowa.

Mutum mai tsawon Dogo bai iya ɓuya ba, amma bawan Allah ya yi iya yinsa. Duk mai kakin da ya gifta, sai ya durƙusa ɗaurin igiyar takalmi. Takalmin kuwa silifa ne.

A bayansa wata dattijuwa ce zaune kan akwatinta, ƙafafu sun kumbura sumtum. Bakinta dai lafiyarsa lau.

"Wannan mai tagar, Allah Ya isa tsakanina da shi! Yana can ya baje a gado yana minshari. Allah Ya sa shi ma ya tsaya a layi har ƙafarsa ta yi tsami. Ka ce amin, ɗan nan."

"Amin, Mama," in ji Dogo, murya can ƙasa. "Amma wa ya sani, ko uzuri ne ya riƙe shi."

"Uzurin me? Kai dai zuciyarka ta cika kyau." Ta miƙa masa gorar ruwanta.

Wani ɗan kasuwa mai wuya kamar turmi ya naɗe hannun riga, ya sanar wa jama'a cewa in malalacin nan ya iso, marinsa kawai zai yi, a kai shi inda za a kai shi. Layi ya ɗauki shewa. Ruwan ya sarƙe Dogo.

Ana cikin haka sai ga karen kwastan. Ya wuce akwatuna jibgi bai kula ba, ya nufo Dogo da gudu, yana kaɗa jela, yana tsalle, yana lasar hannunsa. Mai riƙe da shi waya yake dannawa, ya fizge shi bai ko ɗaga kai ba. Ɗan kasuwa ya dubi jakar nan da Dogo ya ƙanƙame, ya ja da baya.

"Dabba ta san mutumin kirki," in ji dattijuwa, ta kashe maganar.

Rana ta ɗaga. Jarirai sun yi kuka sun gaji, wani ya yi barci a tsaye. Waya ta sake rawa: "Jama'a na jiranka. Ga ni nan zuwa da kaina. In ban same ka ba, shi ke nan."

Tsoro sosai ya kama Dogo, har da kunya a kai. Ya leƙa wajen bayan gida. Wani jami'i mai tumbi da ya kafe a ƙofar tun ɗazu ya matsa, Allah Ya taimaka.

"Mama, don Allah riƙe min layina."

"Je ka, ɗan albarka. Ko sama da ƙasa za su haɗu ba mai shiga wurinka."

Ya duƙa, ya sulale, ya shige, ya zuge jakar.

Ba a jima ba fitilar taga ta kawo. Zaure ya kaure da ihu. Ɗan kasuwa ya ga kaki, ya sauke hannun rigarsa a hankali. Aka ce dattijuwa ta matsa gaba, a fara da ita saboda shekarunta. Ta ƙi. Ta dogara da sandarta ta isa jikin gilashi, ta buga shi da tafin hannu.

"Kai, marar tausayi! Sai yanzu ka ga dama? To ba ni ce a gaba ba. Akwai wani yaron kirki, ya zaga bayan gida, shi za ka fara sallama."

Daga bayan gilashin, Dogo ya gyara hular aikinsa, ya buga wa fasfonsa hatimi, ya tura shi aljihu.

"An sallame shi, Mama. Kawo naki."