Albasar Mai Jiran Gaisuwa

Zauna, Honorabul, kada ka tsaya mini a ka da wannan babbar rigar taka. Ni kawunka ne, na san ka tun kana yawo ba wando, don haka ba zan ɓoye maka komai ba. An ce ranar Talata za ka miƙe a majalisa kan batun 'yan kasuwar nan masu jin Faransanci da ke tsallako iyaka zuwa kasuwanninmu. Wai wasu abokan aikinka na so a hana su shigowa don ba su san al'adarmu ba, kai kuma har yanzu kana rawar ƙafa. To, ga misali, ka tafi da shi.

Wasu manoman albasa ne su biyu a wani ƙauye na bakin iyaka, gidajensu na kallon juna. Na farkon mutum ne mai ji da kansa. Zaurensa kullum a share, tabarmi sababbi, kuma da gaisuwa yake auna mutum: in ba ka tambaye shi gida da iyali da gajiya ba, har ka sake komawa kan gida, to a wurinsa ba ka da tarbiyya. Na biyun ko tabarmar kirki ba shi da ita, a kan buhu yake zama, sai dai akwai fara'a. Wata shekara albasa ta yi kyau fiye da ƙima, rumbuna suka cika, masu saye na gida suka ƙoshi suka ɗauke ƙafa, ga hadari ya fara haɗowa daga gabas. Ka dai san albasa, in ta ji danshi an gama. Ana cikin wannan zullumi sai ga wata mata daga ƙasashen bakin teku da babbar mota fanko, ba ta jin Hausa ko ta zo in kashe ki, sai Faransanci. Aka nuna mata zauren na farko, don albasarsa ta fi ta kowa. Ta shigo da takalmi har kan tabarma, ta yi gaisuwarta kalma ɗaya tak, ta miƙo masa hannu, mace fa. Bai gama mamaki ba ta zaro 'yar wuƙa, ta ɗauki albasa guda daga kwandon da ke gabansa, ta tsaga ta biyu tana shinshinawa. Ran mutumin ya ɓaci. Ya naɗe tabarmarsa, ya nuna mata ƙofa, ya ce albasarsa ba ta marasa gaisuwa ba ce.

Matar ta tsallaka zuwa gidan na biyu, duk abin da ta yi can ta sake yi. Da ta miƙo hannu, ya dafa ƙirjinsa ya ɗan rusuna yana murmushi. Ya nuna takalminta, ya nuna ƙafarsa, ta duba ƙasa, kunya ta kama ta, ta cire tana dariya. Da ta tsaga albasa, sai ya zaɓo wadda ta fi girma ya tsaga mata da kansa. Da hannu da ido suka yi ciniki, kafin la'asar motar ta cika. Kwana uku bayan nan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Albasar na farko ta ruɓe a rumbu, wari ya hana unguwa sakat, shi da kansa ya riƙa kwasa yana zubarwa a bayan gari. Wallahi na tausaya masa, don ba mugu ba ne, kuma wahalar shekara guda ce ta tafi a kan gaisuwa. Daga baya aka gane cewa ita matar ba raini ta yi ba. Ba ta sa wuƙa a kayan da ba ta da niyyar saye, tsagawar nan ita ce yabonta.

Da shekara ta zagayo matar ta dawo da motoci huɗu da ƙawayenta. Wurin da motocin ke tsayawa ya zama kasuwa, har mai shayi ya koma sayar da dogon burodin nan nasu. Na farkon fa? An gan shi a bayan gida yana gwada gaisuwar Faransanci a kan jakinsa, jaki na kaɗa kunne. Maƙwabcinsa bai yi masa dariya ba, ko da ya yi, bai yi a gabansa ba. Ya ja matar ya kai ta zauren na farkon. Ta tuɓe takalmi tun daga waje, ta durƙusa, da gurguwar Hausar da ya koya mata ta tambayi gida, ta tambayi iyali, ta tambayi gajiya, ta koma kan gida har sau uku, sai da mai zauren ya gaji ya miƙa mata wuƙa da hannunsa.

Saboda haka, ɗana, in ka miƙe ranar Talata, ka tuna mutanen da suka zaɓe ka albasa suke nomawa, kuma hadari ba ya jiran baƙo ya koyi gaisuwa. Wanda ka kora ba zai taɓa koyon cire takalmi ba, wanda ka yi wa fara'a shi zai dawo ya durƙusa. Tabarmin na farko sababbi ne fil, na biyu kuwa buhu ne da shi, amma ka ga inda mota ta tsaya. Hausawa sun gama magana da suka ce, shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma.