Bashin Digirin Kofur

Fitilar hanya ta nuna ja, Kofur ya taka birkin motar 'yan sanda, ya leƙa madubin da ke saman kansa. Yallaɓai na zaune a kujerar baya cikin kwat mai ruwan toka, wadda uwargidansa ta goge ta kawo da safe. Kusa da shi Saje ne, hula a kan hanci, yana gyangyaɗi.

Tun makon jiya wata magana ke cin Kofur. Jami'a ta ba shi gurbin karatun digiri a fannin laifuka da shari'a, na yamma, bayan an tashi aiki. Banki ya yarda ya ba shi rancen karatu, yau kuma ranar ƙarshe ta sa hannu. In ya sa, za a riƙa yankar kashi ɗaya cikin huɗu na albashinsa har shekara goma. In bai sa ba, igiya biyun da ke hannun rigarsa su za su raka shi har ritaya.

Matarsa ta riga ta faɗi nata. Ciki gare ta, ɗakinsu ɗaya, kuma rufin na yoyo daidai kan gado. Ta ce ita ba ta ƙi miji mai digiri ba, sai dai ba ta taɓa ganin an tare ruwan sama da takarda ba. Ƙaninsa mai gyaran waya ya ce shi da bai gama sakandare ba ya fi shi samu a wata. Kofur ya ji haushi, don gaskiya ne.

A duk waɗanda ya sani, mutum ɗaya ne ke da irin digirin nan, ga shi kuma yau Allah ya sako shi cikin motarsa. Yallaɓai ne ya koya musu ɗaukar bayanin mai laifi lokacin da suke kurata. Daga baya ya zama shugaban sashen bincike, mutumin da ko tarinsa aka ji a baranda sai kowa ya gyara tsayuwa.

Kofur ya yi gyaran murya. "Yallaɓai, in ba damuwa, shawara nake nema."

Ya zayyana komai, har da yoyon rufin. Yallaɓai ya saurara da kai a karkace. Ya kwana biyu ba wanda ya nemi shawararsa, sai fuskarsa ta washe.

"Nawa za a ƙara maka in ka gama?" in ji shi.

Kofur ya faɗa.

"Nawa banki zai riƙa cira?"

Kofur ya faɗa, a hankali wannan karon.

"To ai ka zama jakin banki, yaro. Kai da kaya, su da riba." Ya ɗaga hannu zai ƙirga da yatsu, sai Saje ya farka a firgice, ya harare shi, ya koma barcinsa.

Da hanya ta buɗe, Yallaɓai ya shiga darasi kamar a aji. Ya ce shekara biyar na farko ƙarin ba zai kai abin da ake yanka ba, sai an haɗa da haƙurin mata. Daga ta shida abin zai fara daidaita, in an ci jarrabawar ƙarin girma. Ya lissafo inda digirin ke kai mutum: sashen bincike, ofishin masu gabatar da ƙara, gidan gyaran hali. Ya ce na ƙarshen nan bai san aikinsu da wuya haka ba sai kwanan nan.

"Ba wanda ya taɓa yin arziki da takardar nan," in ji shi. "Rufin asiri dai, da kujera mai juyawa."

Suka wuce wani dogon gida mai bene da farin fenti, ƙofarsa a garƙame. Yallaɓai ya bi shi da kallo har wuyansa ya gaji.

"Ni ma da rance na yi nawa," ya ce. "Na shekara goma sha biyar aka rubuta. A shekara biyu na biya, har na ɗora bulo."

Kofur ya kawar da kai. Ya mai da hankali ga wani mai keke da ba ya ma kusa da motar.

Da suka shiga harabar kotu, mutane sun cika matakala, wasu da kyamara. Mai gadin ƙofa ya ɗaga hannu zai sara, sai ya fasa, ya sosa ƙeya. Kofur ya kashe mota, ya ɗan zauna riƙe da sitiyari. Ya tuna rufin, ya tuna cikin matarsa, ya tuna kuma yadda yake ji duk sanda aka miƙo masa fayil aka ce kai wa masu ilimi.

"Zan sa hannu, Yallaɓai," ya ce. "Amma shekara goman nan zan cinye ta cif. Ba na sauri."

Yallaɓai ya yi 'yar dariya. "Ka fi ni iya lissafi," ya ce.

Kofur ya zagayo ya buɗe ƙofar baya, ya gyara wa tsohon malaminsa wuyan kwat. Saje ya yi hamma ya fara fitowa, Yallaɓai ya biyo shi dole, don ankwa ɗaya ce ta haɗa hannuwansu, kuma alƙalin da zai ji yadda aka biya bashin shekara goma sha biyar a shekara biyu ya riga ya zauna.