Rigar da ke Bayan Ƙofa

Shekara uku ke nan rigar aikin tana rataye a bayan ƙofa, kuma har yau tana warin man jirgi. Auta ba ta wanke ta ba, ba ta sake saka ta ba, ba ta kuma yarda hannunta ya kusanci aljihun hagu ba. In ta turo ƙofar da ƙarfi sai rigar ta yi lilo, hannuwanta su ɗaga kamar na mai neman a tare shi.

Aikin Auta a sansanin sojan sama shi ne kula da kujerar tsira, wadda ke cilla matuƙi waje da laimarsa in jirgi ya gaza. Muddin jirgi yana ƙasa, akwai fil na ƙarfe mai tsawon yatsa da ake sokewa a saman kujerar, don kada ta tashi da mutum a banza. Daf da tashi sai a zare shi, a ɗaga jan ƙyallen da ke jikinsa matuƙi ya gani, a cusa a aljihu. In aka manta, ko mutum ya ja hannun tsirar da dukan ƙarfinsa, kujerar ba za ta motsa ba.

Jiragen koyo kujera biyu gare su. Tun kafin zuwanta aka saba yi wa ƙyallen ta gaba ƙulli ɗaya, na ta baya biyu, don kada su cakuɗe. Abokin aikinta ke kula da ɗalibi a gaba, ita kuma malami a baya. Malamin nan, wanda kowa ke kira Shirwa, ya yi shekara biyu yana karɓar ɗagin ƙyallenta da murmushi. Bai taɓa faɗin abin da ya wuce sannu da aiki ba. Ita ma haka. Amma duk sansanin an san wanda take jira in ta tsaya tana kallon gajimare.

Ranar da abin ya faru, ɗalibin ya kwana da zazzaɓi, aka ba abokin aikinta hutun ranar. Shirwa ya hau tsani shi kaɗai yana tsokanar kansa, wai yau an rage masa girma, an mai da shi kujerar 'yan koyo. Da ta bi shi kan tsanin don ta yi aikinta, sai ya rage murya.

"Auta, in na sauko ki nuna mini hanyar gidanku. Ina da magana da babanki."

Daga nan ba ta tuna komai ba. Ta san dai kunya ta hana ta kallon inda yake, ta kau da kai, ta bar hannunta ya yi abin da ya yi sau ɗaruruwa. Sai ganin kanta ta yi a ƙasa, jirgin yana nisa, kunnuwanta suna zafi.

Bayan minti ashirin injin ya mutu a kan ruwa mai zurfi. Masu hasumiyar kula da jirage sun ji shi yana cewa zai fita, cikin natsuwa. Sun ji ya sake faɗa, wannan karon ba natsuwar. Ba wanda ya ga laima a sama, kuma ruwan bai dawo da komai ba.

Saje, dattijon da ke shugabantar aikinsu, ya rantse a gaban masu bincike cewa da idonsa ya ga jan ƙyalle a hannunta, Shirwa ma ya ɗaga mata babban yatsa. Aka rufe magana, aka ɗora laifin a kan tsufan kujerar. Auta kuwa ta ɗauka tausayi ne ya sa dattijon ya rufa mata asiri. Amsa tana nan a aljihun hagu, inda take cusa fil kullum. In yana ciki, ta yi aikinta. In babu, ita ce ta ɗaure shi a jirgin.

Yau za ta bar gidan, yayarta ta zo taya ta haɗa kaya. An kwashe tukwane, an naɗe labule, ɗakin ya koma yana mayar da murya. Saura rigar.

"Wannan mijin naki na bayan ƙofa fa?" in ji Yaya. "Kin rame kin ƙare a kan tsumma. Ko ki sa hannu yanzu, ko ni in sa."

Auta ta ce a ba ta minti ɗaya. Ta sauko da rigar, ta ji ta yi nauyi kamar jiƙaƙƙiya. Ta rufe ido, ta zura hannu.

Sanyin ƙarfe ya taɓa yatsunta.

Ta zaro fil ɗin, jan ƙyallen ya biyo shi, sabo fil kamar jiya aka ɗinka. Ta zauna a kan akwati tana kukan da ta riƙe shekara uku. Yaya ta dafa kanta, ta ce to ga shi, Saje bai yi ƙarya ba, sai a ci gaba da yi wa bawan Allah addu'a. Ta fita ɗebo mata ruwa.

Auta ta manna ƙyallen a kumatunta. A karon farko ta kira sunansa ba tare da tsoro ba. Tana shafa ƙyallen a hankali, yadda take yi da can in tana jiran saukarsa, yatsanta ya tsaya a kan ƙulli. Ta yi murmushi, ta gangara da yatsan ƙasa kaɗan.

Sai ta ji na biyu. Fil ɗin kujerar baya ne, wadda ta tashi ba kowa a kanta ran nan.