Akushin Baba

Ranar, bayan la'asar, iska ta riƙa kawo ƙaurin hayaƙi daga wajen Fagam. Maƙwabcinmu ya tsaya bakin ƙofa yana haki, riƙe da fartanyar Baba. Ya ce mahara sun auka wa mutane a gona.

Na ce, "Inna, Baba ya mutu ne?"

Ta buge mini baki. "Kada in ƙara ji! Tafiya aka yi da shi. Mamaci ake yi wa sadaka. Wanda aka tafi da shi, tuwo ake ajiye masa."

Ta zuba tuwo a akushinsa, ta rufe da faifai.

Yau na yi furfura, akushin yana ɗakina. Har yanzu bakina ya kasa cewa Allah ya jiƙansa.