Muryar Tabawa a Gindin Shafi

Tun da aka kafa dokar rage cunkoso, duk fodkas, wato shirin murya na intanet, da ya faɗo daga shafin farko na bincike, goge shi ake yi. Na marigayiya matata Tabawa, inda take karanta tsofaffin littattafai, ya wayi gari a gindin shafin, ƙarƙashin wata mai koyar da taunar cingam. Nan kaɗai muryarta ta rage.

Na tafi rumfar Sagiru mai ɗaga shirye-shirye zuwa saman shafi, mutumin da ko allon talla bai taɓa karantawa har ƙarshe ba. Ya latsa kwamfuta, ya taɓe baki.

"Baba, Hajiya ba ta zagi kowa ba, ba ta yi kuka ba. Me za a saurara?"

Na ce, "Karatu."

"Allah Ya ji ƙanta. Duba nan. Ranar rasuwarta ta hau na ɗaya. 'Yan ta'aziyya suka cika shirin, suna shiga suna fita, injin binciken kuwa ƙafa yake ƙirgawa, ba kunne ba. Sadakar arba'in ta ɗan sake ɗaga ta. Daga nan sai gangara."

"Yanzu fa?"

"Rasuwa ce ke ja, Baba. Ba ku da mai jinya a dangi?"

Na ce kowa garau yake. Ina miƙewa tari ya sarƙe ni. Sagiru ya ture kwamfutar, ya dube ni da ladabin da bai nuna ba tun zuwana.

"Baba, zauna tukuna. Wannan tarin naka, me likita ya ce?"